Sun raina ni a shagon motocin alfarma saboda ƙuruciyata: in koma in nuna musu kuɗina?

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, aikina rubuta manhajojin kwamfuta ga wasu kamfanoni ta intanet. Allah ya sa wa aikin albarka, kuma na daɗe ina tara kuɗi domin in sayi wata sabuwar mota ta alfarma da nake so tun ina makaranta. Da na shiga shagon dillalin motar, na daɗe a tsaye babu wanda ya kula ni, alhali wani dattijo da ya shigo a bayana an tarbe shi tun daga bakin ƙofa, an ba shi kujera. Da na gaji da jira na tunkari wani ma'aikaci, sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce kada in taɓa motar, sannan ya tambaye ni ko Babana ne ya aiko ni. Na ce masa ina so in ɗana motar kafin mu yi ciniki, ya ce su ba sa ba yara makulli, gara in leƙa ɓangaren motocin da aka taɓa hawa. Na fito raina a ɓace. Wasu abokaina sun ce in koma in sayi wadda ta fi ta tsada, in biya nan take a hannun wani ma'aikacin a kan idonsa. Wasu sun ce in koma da waya in ɗauke su bidiyo in watsa. Mahaifiyata kuwa ta ce in tafi da kawuna. Abin ya hana ni barci. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da aka yi maka cin fuska ne, kuma ɓacin ranka yana kan hanya, saboda haka kada kowa ya ce maka ka cika ɗaukar ƙaramin abu da zafi. A cikin duk abin da ka lissafa, tambayar nan ta ko Babanka ne ya aiko ka ita ce ta fi ciwo, domin da kalmomi kaɗan mutumin ya ɗauke shekarun da ka yi kana aiki kana tattali ya miƙa wa wani, ya mayar da kai ɗan aike a cikin lamarin da kai ne mai shi. Wanda bai taɓa tara kuɗi da guminsa ba ba zai san nauyin wannan magana ba. To amma a cikin shawarwari ukun da aka ba ka, wadda ta fi yi maka daɗin ji, wato ta komawa ka ƙure su da kuɗi, ita ce ta fi haɗari a gare ka, kuma a kanta nake so in fi tsayawa. Kafin nan, yana da kyau ka san yadda mutanen da ke cikin irin wannan shago suke tunani, domin wanda ya san dalilin raini ya fi iya zaɓen amsar da zai mayar.

A yawancin shagunan sayar da motoci, babban kaso na abin da ma'aikacin ciniki yake samu kamasho ne a kan motar da ya sayar, ga kuma adadin da aka ɗora masa ya cika kowane wata. Wannan ya sa lokaci ya zama jarinsa, kuma ya saba raba mutane gida biyu tun kafin su buɗe baki: wanda zai saya, da wanda ya zo kallo. Ta cikin gilashi yake hango motar da ka zo da ita, ko kuma idan a ƙasa ka zo, sannan idonsa ya sauka a kan takalminka, da agogonka, da furfura ko rashinta. Gaskiya ne cewa irin waɗannan wurare suna samun samari masu yawa da ke shigowa domin su zauna bayan sitiyari a ɗauke su hoto su tafi, kuma ma'aikacin da aka ɓata wa wuni sau da yawa yakan fara yi wa duk saurayi kuɗin goro. Wannan shi ne asalin abin, amma ba hujja ba ce. Ma'aikacin da ya san aikinsa yana da hanya mai sauƙi ta bambance mai saye da mai kallo ba tare da ya ci mutuncin kowa ba: ya gaishe ka, ya tambaye ka wace mota kake nema, yaushe kake son karɓarta, da yadda ka shirya biya. Amsoshin waɗannan tambayoyi sun fi takalmi da shekaru faɗin gaskiya, kuma ba sa cin minti biyar. Wanda ya tsallake su ya tafi ga zato, lalaci ya yi a aikinsa, sannan ya lulluɓe lalacin da girman kai.

Shi kuwa wannan zato ba a bakin ƙofa kawai yake tsayawa ba, yana bin mutum har cikin farashi. A shekarar 1991 wani malamin shari'a a Amurka mai suna Ian Ayres ya wallafa binciken da ya yi a shagunan motoci na birnin Chicago, sannan a 1995 shi da Peter Siegelman suka fitar da wani wanda ya fi shi faɗi, inda suka tura mutanen da aka horar da su a kan salon ciniki iri ɗaya, da irin sutura ɗaya, zuwa shaguna fiye da 150. Sakamakon ya nuna cewa farashin ƙarshe da aka sallama wa maza baƙar fata ya ɗara wanda aka sallama wa maza farar fata da fiye da dala 1,000, kuma mata baƙar fata su ma an tsawwala musu. Binciken a kan launin fata da jinsi aka yi shi, ba a kan shekaru ba, amma darasinsa ya shafe ka kai tsaye, domin ya tabbatar da cewa inda farashi yake hannun mai sayarwa, kallon da ya yi wa fuskarka yana iya zama kuɗi a kan takarda. Saurayin da aka ɗauka bai san kan kasuwa ba, ko aka ɗauka kuɗin banza ne a hannunsa, yana cikin waɗanda ake fara gwada wa babban farashi.

Abin da ya ƙara nuna ƙarancin basirar wannan ma'aikaci shi ne zaton nasa ya tsufa. Kamfanin Rolls-Royce, wanda da wuya a samu wanda ya fi shi tsada a cikin masu ƙera motocin alfarma, ya bayyana ta bakin tsohon shugabansa Torsten Müller-Ötvös cewa matsakaicin shekarun masu sayen motocinsa ya sauko daga kimanin 56 zuwa kimanin 43 a cikin shekaru goma da 'yan kai. Idan matsakaici ya sauko haka, to akwai 'yan shekara ashirin da talatin masu yawa a cikin lissafin. Dukiyar fasahar zamani, da wasanni, da kasuwancin intanet ta sauya fuskar mai kuɗi, kuma kamfanonin da ke ƙera motocin sun san haka, suna kashe kuɗi masu yawa domin su jawo irinka tun kuna samari, saboda wanda ya fara da su yana ɗan shekara 26 yana iya sayen mota biyar ko shida a hannunsu kafin ya tsufa. Hausawa sun daɗe da cewa yaro da kuɗi abokin tafiyar manya, amma ni ba ma a nan nake so ka kafa hujjarka ba, domin ko da ba ka da ko sisi, ba ka cancanci kallon hadarin kaji ba.

Duk da haka, adalci ya sa in raba maka abin da yake raini da abin da yake ƙa'ida, domin idan ka cakuɗa su za ka yi faɗa a inda ba ka da gaskiya. Maganar gwajin tuƙi tana da wani tushe. Motar da ake ba mutane su ɗana tana ƙarƙashin inshorar shagon, kuma kamfanonin inshora da dama suna sa iyakar shekaru, sau da yawa 21 ko 25, musamman a kan motoci masu ƙarfin inji, ko su nemi lasisin tuƙi ya kai wasu shekaru a hannun mai shi. Tsoron nasu ba daga iska ya zo ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗuran hanya su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Haka nan ba laifi ba ne shago ya nemi ganin lasisinka, ko ya nemi shaidar cewa kana da halin biya kafin ya fito da mota mai tsada kan titi, ko ya tambayi asalin kuɗi idan za a biya da tsaba. A Amurka, misali, duk ɗan kasuwar da ya karɓi tsabar kuɗi fiye da dala 10,000 a ciniki ɗaya dole ne ya sanar da hukumar haraji, ko mai sayen ɗan shekara ashirin ne ko ɗan saba'in. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne: shin ƙa'idar a rubuce take, shin kowa ake ɗora wa ita, kuma shin an faɗa maka ita cikin mutunci? Da mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, inshorarmu ba ta yarda da wanda bai kai shekara kaza ba, ko zan ga lasisinka? Idan ba ka kai ba ni zan tuƙa, ka zauna a gefena ka ji yadda take," da babu abin da za ka kawo mini ƙara a kai. Amma bai tambayi shekarunka ba, bai nemi lasisi ba, kuma kai ka ma haura 25. Fuskarka kawai ya karanta ya yanke hukunci.

Yanzu ga shawarar abokanka ta komawa ka sayi wadda ta fi tsada a kan idonsa. Na san daɗin da take da shi a zuci, domin tun da ka fito daga wurin nan babu mamaki kana ta hango yadda zai sunkuyar da kai yayin da abokin aikinsa ke miƙa maka makulli. To ka zauna ka bi lissafin a hankali. Ribar motar a aljihun wa za ta shiga? A aljihun shagon da ya bar ka a tsaye, kuma manajan da bai horar da ma'aikatansa ba shi ne zai cika adadinsa na wata da kuɗinka. Ma'aikacin da ya raina ka zai rasa kamasho ɗaya, ya ji zafi na yini guda, gobe ya manta da kai. Kai kuwa za ka fita da motar da ba ita ka shirya saye ba, a farashin da ba ka taya ba, domin mutumin da ya zo ya nuna cewa kuɗi ba su dame shi ba ya riga ya hana kansa ciniki. Da wane baki za ka ce a rage maka, bayan ka shigo ne ka tabbatar musu cewa ragi ba matsalarka ba ce? Ƙarfin mai saye gaba ɗaya yana cikin iya miƙewa ya tafi, kai kuwa za ka shiga ne da alƙawarin da ka yi wa zuciyarka cewa ba za ka fita hannu rabbana ba. Duk ƙarin da suka ɗora maka, na manyan ƙafafu, na fatar kujeru, na ƙarin garanti, na rufin fenti, za ka karɓa, saboda kowace "a'a" za ta yi maka kama da tabbatar da zatonsu.

Wannan ba hasashena kaɗai ba ne. A shekarar 2014 wasu masu bincike biyu, Morgan Ward da Darren Dahl, suka wallafa nazarin da ya nuna cewa idan ma'aikacin shagon kayan alfarma ya yi wa mutum shariya ko ya nuna masa raini, mutumin da ke burin a lissafa shi cikin masu amfani da wannan kaya yakan ƙara son kayan, har ya yarda ya biya fiye da yadda zai biya a da. Ba su ga haka a shagunan kaya na gama-gari ba, sai a na alfarma, kuma sun ga cewa wannan ƙarin sha'awa yana dushewa bayan ɗan lokaci. Ma'ana, raini yana sayar da kaya, kuma zafin da kake ji yanzu shi ne ainihin abin da ke sa mutane su kashe abin da ba su yi niyya ba. Ban ce ma'aikacin nan da gangan ya shirya maka tarko ba, mai yiwuwa ko kusa bai kai can da tunani ba, amma tarkon yana nan ko da babu wanda ya ɗana shi. Ka kuma tuna cewa kuɗin mota ba a ranar saye yake ƙarewa ba. Inshorar ɗan shekara 26 a kan mota mai ƙarfi tana da nauyi, sabis da tayoyi da kayan gyara na irin waɗannan motoci sun ninka na sauran, kuma darajar sabuwar mota tana faɗuwa da sauri a shekarun farko, motocin alfarma da yawa ma sun fi saurin faɗuwa. Idan ka haura mataki ɗaya domin ka ƙona ran wani, duk waɗannan za su haura tare da kai, kuma shekaru za ka yi kana biyansu.

Saboda haka abu na farko da nake so ka yi, tun kafin ka sake magana da kowane dillali, shi ne ka ɗauki takarda ka rubuta motar da ka yi niyyar saye kafin ranar da abin ya faru, da ƙirarta, da abubuwan da kake so a cikinta, da iyakar kuɗin da ka yanke wa kanka, da abin da zai rage maka a ajiya bayan ka biya. Wannan takarda saurayin da hankalinsa ke kwance ne ya tsara abin da ke cikinta, kuma shi ya fi cancanta ka saurara a kan wanda aka ɓata wa rai. Duk abin da ka ji kana so ka ƙara a kanta a 'yan makonnin nan, ka zarge shi.

Maganar bidiyo ba zan daɗe a kanta ba. Dokokin ɗaukar mutum ba da saninsa ba sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wanda ya koma wuri da niyyar tsokano magana domin ya ɗauka yana iya wayar gari shi ne mai laifi. Ban da haka, za ka sanar da dubban mutanen da ba ka sani ba cewa kana da kuɗin babbar mota, ka nuna musu fuskarka da wurin da kake zuwa, kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga saurayi. Idan bayan ka kai ƙara an share ka, kana da damar rubuta abin da ya faru a shafin da masu saye ke bayyana ra'ayinsu a kan shagon, da gaskiya tsagwaronta, babu zagi babu ƙari.

Mahaifiyarka ta fi abokanka kusa da daidai, amma shawarar tata tana buƙatar gyara kaɗan. Idan kawunka ya san mota, ko ya saba karanta yarjejeniya, tafiya da shi alheri ce, domin ido biyu sun fi ɗaya wajen duba takardu, kuma wanda ba shi ne ke ɗokin motar ba ya fi saurin ganin abin da aka cusa a ƙananan rubutu. Amma idan za ka tafi da shi ne domin furfurarsa ta buɗe maka ƙofa, to ka amsa tambayar ma'aikacin nan da "e" ke nan. Ka yi magana da shi tun a gida cikin ladabi, ka roƙe shi cewa duk lokacin da suka juya gare shi da bayani, ya ce musu, "Ga mai motar nan, da shi za ku yi magana." Jimla ɗaya daga bakin dattijo irin wannan ta fi duk faɗan da za ka yi tasiri. Sannan in ja kunnenka a kan wani abu da samari da yawa ke faɗawa: kada ka yarda a rubuta motar ko inshorarta da sunan kawunka a matsayin babban direba domin kuɗin inshora ya ragu, alhali kai ne za ka riƙa hawa. A ƙasashe irin su Birtaniya ana ɗaukar wannan a matsayin zamba, kuma a ko'ina kamfanin inshora yana iya ƙin biya ranar da aka yi haɗari idan ya gano an ɓoye masa gaskiya. Kuɗinka ne, sunanka ya kamata ya hau kowace takarda.

Ƙara kuwa ya kamata ka kai, kuma a rubuce. Ka aika wa babban manajan shagon saƙon imel gajere, wanda babu zafi a cikinsa: ranar da ka je, da lokacin, da tsawon jiran da ka yi, da kalmomin da aka faɗa maka kamar yadda aka faɗe su, da motar da ka je saye. Ka tambaye shi kai tsaye ko shagon yana da rubutacciyar ƙa'ida ta shekaru a kan gwajin tuƙi, idan akwai a turo maka. Kada ka nemi a kori kowa, ka nemi bayani da gyara. Sannan ka aika kwafi ga sashen kula da abokan ciniki na kamfanin da ke ƙera motar. Wannan mataki yana da nauyi fiye da yadda mutane suke zato, domin a mafi yawan lokuta shagon dillali kamfani ne mai zaman kansa da ke ɗauke da tambarin masu ƙerawa bisa yarjejeniya, kuma masu ƙerawa suna auna gamsuwar abokan ciniki, suna tura takardun tambayoyi, har sukan ɗaure wani ɓangare na ladan da suke ba dillali da makin da ya samu. Wasiƙa mai natsuwa daga wanda ya zo da niyyar saye aka kore shi tana isa teburin da ihun cikin shago ba ya isa. Kuma ba kanka kaɗai za ka yi wa ba, akwai saurayi ko budurwar da za su tura ƙofar nan bayanka.

Ta fuskar doka, kada ka sa rai da yawa, domin kariya ga matasa ba ta kai ta tsofaffi ƙarfi ba a wurare da dama. A Amurka dokar tarayya ta 1967 da ta hana wariyar shekaru a kan aiki take magana, kuma 'yan shekara 40 zuwa sama take karewa, sai dai dokar bashi ta 1974, wadda aka faɗaɗa a 1976, ta hana mai ba da bashi ya ƙi mutum saboda shekarunsa matuƙar ya kai shekarun ƙulla yarjejeniya. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta hana wariyar shekaru wajen sayar da kaya da yi wa mutane hidima tun daga watan Oktoba na 2012, ga duk wanda ya kai 18, amma ta bar ƙofa ga bambancin da za a iya kafa wa hujja mai ƙarfi, kamar na inshora. Ka duba abin da dokar ƙasarka ta ce da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, ka ambace su a wasiƙarka idan sun shafe ka. Zuwa kotu a kan wannan kuwa zai cinye maka kuɗi da lokacin da suka fi abin da za ka samu.

Wajen sayen motar, ka sauya hanyar shiga. Maimakon ka tura ƙofa su fara da karanta fuskarka, ka fara da rubutu. Ka aika wa dillalai biyu ko uku na wannan ƙira saƙo iri ɗaya, ka faɗi ainihin motar da kake so, da launinta, da abubuwan da ke cikinta, da lokacin da kake son karɓa, ka nemi cikakken farashi a rubuce wanda ya haɗa haraji da rajista da duk wani caji, sannan ka tambayi sharuɗɗan gwajin tuƙi. Mai rubuta irin wannan saƙo ba ya kama da mai kallo, kuma idan kowannensu ya san kana magana da wasu, farashin zai fara gyara kansa. Daga nan ka sa rana da ma'aikaci ɗaya wanda ka san sunansa, ka je da lasisinka da takardar banki da ke nuna kana da halin biyan wannan adadi kawai. Kada ka buɗe wayarka ka nuna wa kowa duk abin da ke asusunka, domin wanda ya ga iyakar aljihunka da shi zai auna farashinsa. Kada kuma ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta maka ko ana mayar da shi idan ciniki bai faɗa ba. Akwai ma kamfanonin da suka rage wa dillali ikon wasa da farashi: Tesla tana sayarwa kai tsaye a farashi ɗaya ta intanet, Mercedes-Benz kuma ta koma tsarin farashi ɗaya a Birtaniya daga farkon 2023. Idan motar da kake so tana da irin wannan tsari a inda kake, ya rage maka rabin wahala. Sutura kuwa, ka sa abin da ka saba sawa mai tsabta, ba sai ka yi musu kwalliya ba.

Saura tambayar ko za ka iya komawa wancan shagon. Amsar tana hannun manajansu. Idan ya kira ka, ya amsa laifi ba tare da kwana-kwana ba, ya haɗa ka da wani ma'aikacin, ya shirya maka gwajin tuƙi, kuma farashinsa a rubuce ya yi daidai da na sauran ko ya fi sauƙi, babu abin kunya a cikin komawa, kuma ba sai ka nemi idon wanda ya raina ka ba. Idan kuwa ya yi shiru, ko ya aiko maka da irin amsar nan da ake tura wa kowa, to ka yi la'akari da cewa ba ranar saye kaɗai za ka yi hulɗa da su ba. Shekaru za ka yi kana kai motar sabis a wurinsu, kana neman haƙƙinka na garanti, kuma wurin da ya raina ka kana riƙe da kuɗi zai fi raina ka ranar da kuɗin suka riga suka shiga hannunsa kai kuma kake nema. A irin wannan hali ko da ɗaya dillalin ya fi nisa, ka tafi can, kuma ka tambayi kamfanin da ke ƙerawa waɗanne wuraren gyara ne ya amince da su a kusa da kai, domin garantinsa ba ya ɗaure da shagon da ka saya a yawancin lokuta.

Ka ba manajan mako biyu, ka kuma ba kanka aƙalla haka kafin ka sa hannu a kan komai, ko a wurinsu ko a wani wuri. A cikin wannan lokaci ka nemi farashin inshora daga kamfanoni biyu ko uku a kan ainihin motar da ke takardarka, da shekarunka na gaskiya, ka ɗora shi a kan lissafinka na shekara ka ga ko har yanzu yana yi maka daidai. Ka gaishe mini da mahaifiyarka. Allah ya sa wa abin da ka tara albarka, ya kiyaye ka a hanya.